Mu Bar 'Ya'yanmu Su Shiga Birni Koyon Sana'a



Kowace shekara in lokacin fita koyon aiki ya zo, iyaye sukan tare mu bayan sujada da takarda a hannu, suna cewa, "Baba Fasto, a taimaka a samo wa yarinyar nan ofis." In ka tambayi abin da take karantawa, sai a ce zane da ɗinkin tufafi. To me mai koyon ɗinki za ta yi a ofis? Amsar ba ɓoyayya ba ce. Ana neman inda za ta zauna cikin namu, a sa mata hannu a littafin rahoto, ta koma makaranta lafiya. Mun san wata 'yarmu da ta gama difloma ta haka. Da Zumuntar Mata suka ba ta ɗinkin anko, wuyan riga ya gagare ta, sai da aka kwashe yadin aka kai wa wani tela. Ranar ta yi kuka, mu ma mun ji kunya, domin da saninmu aka samo mata ofishin.

Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ITF a 1971, ita kuma ta fito da shirin SIWES a 1973, domin masu masana'antu suna kukan cewa ɗalibai na fitowa da takarda amma hannunsu bai san aiki ba. A da, masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa da na Kaduna sukan ɗebi ɗalibai. Yau yawancinsu sun rufe. Amma akwai makarantar da ta riga su kafuwa, ba ta kuma rufe ba. Tana cikin ganuwar Kano, tafiyar 'yan mintoci daga Sabon Gari, mu ne dai ba mu leƙa ta.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, har yanzu ana rini a cikinta. A can ɗalibi zai ga yadda ake haɗa baba da toka da katsi a rami, a bar shi ya tsima, yadda ake tsoma ƙyalle a ɗaga shi ya sha iska, ya fito kore-kore ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonsa. Zai ga aikin matan da ke ɗaure ƙyallen a gida kafin a rina, da masu bugu da ke dukansa har ya yi ƙyalli. Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Akwai unguwa guda da sunanta ma Soron Ɗinki. Akwai masu zana aska takwas a ƙirjin babbar riga, da masu ɗinkin hula, da dukawa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin garin suna kai wa har Timbuktu da Tarabulus. Yau ramuka da dama a marinar sun bushe, tsofaffin gwanaye suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, matasa kuma ba su cika tsayawa su gaje su ba.

Mun san abin da ke zuciyar iyaye, ba kuwa za mu raina shi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Muna nan a watan Oktoba na 1991, muna nan a watan Mayu na 2004, mun binne namu. Akwai kuma tsoron da ba a cika faɗa a kan bagade ba: kada yarinya ta tafi koyon ɗinki a sauya mata zuciya, ko a rinjayi yaro ya bar bangaskiyarsa. Fasto da ya ce wannan tsoro ba shi da tushe bai yi kiwon tumaki a ƙasar nan ba.

Amma mu duba abin da tsoron yake ci mana. Mu Hausawa ne. Kakanninmu sun noma auduga, kakanninmu mata sun kaɗa zare da mazari, a ƙauyukanmu an yi saƙa. Harshen da ake ciniki da shi a Kurmi da shi muke addu'a. In muka hana 'ya'yanmu gadon nan, mun taya masu cewa Bahaushe in ya bi Almasihu ya tashi daga Bahaushe. Sa'an nan ga talauci. Yaron da ya gama makaranta ba aikin gwamnati, ba sana'a a hannu, shi ne ya fi sauƙin saye, ko ga 'yan siyasa, ko ga duk wanda ya miƙa masa abinci. Zaman banza ya raba yara da ikkilisiya fiye da yadda zama a shagon Musulmi ya raba su.

Littafi Mai Tsarki bai raina allura da zare ba. A Fitowa sura 35, Allah ne da kansa ya ba Bezalel da Oholiyab gwanintar saƙa da ɗinkin ado. Lidiya, wadda ta buɗe gidanta ga bishara a Filibi, mai sayar da tufafin shunayya ce. Da Dokas ta rasu a Yafa, rigunan da ta ɗinka gwauraye suka nuna wa Bitrus. Bulus kansa maɗinkin tanti ne. Annabi Irmiya kuwa, a sura 29, ya umarci waɗanda aka kai bauta su nemi alherin birnin da suke zaune a ciki. In an faɗa wa baƙi haka, ina ga mu 'yan ƙasa?

Ba muna cewa a tura yara kara zube ba ne. Ga shawararmu ga dattawan ikkilisiyoyi. Na ɗaya, a fara tuntuɓar malamin da ke kula da shirin a makaranta, a tabbata zai amince da wurin. Na biyu, dattijo da uban yaro su je da ƙafarsu su gaida maigidan shagon, su faɗa masa a fili cewa yaron nan Kirista ne, ran Lahadi yana sujada, an ba shi amana. Mun yi haka da wani tsohon marini, ya ce mana, "Malam, ɗan amana ɗa ne." Ya kuwa riƙe yaron wata huɗu, ko sau ɗaya bai taɓa masa addini ba. Na uku, a tura su bibbiyu, 'yan mata wurin mata masu ɗinki, su dawo gida kafin magariba. Na huɗu, su yi shiga ta mutunci, su girmama lokacin sallar masu gida, su bar gardamar addini, aikinsu da gaskiyarsu su zama shaidarsu. Na biyar, a ware wani abu daga baiko domin kuɗin motarsu, a kuma riƙa zama da su duk mako ana jin yadda ake ciki. In an ga alamar tashin hankali a gari, su zauna a gida, ba wanda zai zarge su.

Daga ƙarshe, mu daina sa hannu a littafin aikin da ba a yi ba. Ƙarya ce, ko da a ofishin ikkilisiya aka buga hatimin.

Ku kuma 'ya'yanmu, kada difloma ta sa ku raina tsohon da hannunsa ya rine da baba. Ku durƙusa ku gaishe shi, ku share shago, ku buɗe ido. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku, ya sa albarka ga aikin hannuwanku. Amin.