Ra'ayinmu: Yabon Gwani Ya Zama Dole

Duk sa'ad da wasannin jami'o'i suka ƙarato, akan ga ɗalibai suna haɗa ganguna da tutoci, suna karo-karon kuɗin mota domin su raka 'yan ƙwallon kwandonsu zuwa inda za a kara. Wannan al'ada ce mai kyau, muna kuwa tare da ita. Tun da aka fara wasannin jami'o'in Nijeriya, watau NUGA, a Ibadan cikin 1966, 'yan kallo ne gishirin taron. Amma akwai wata ɗabi'a da ke neman zama jiki a tsakaninmu, ita ce ganin cewa mutum bai cika mai kishin makarantarsu ba sai ya ci mutuncin ta wasu.

Ba mu ce a zauna tsit kamar ana zaman makoki ba. A yi kiɗa, a yi kirari, a cika fili da ihu lokacin da baƙo ya tsaya zai jefa ƙwallo a kwando. Duk wannan cikin wasa yake. Abin da ba ya cikin wasa shi ne zagin iyayen ɗan wasa, da yi masa gorin ƙabila ko addini, da yin shewa don ya faɗi ya ji ciwo, da tare alƙalin wasa a bakin ƙofa, da jifan motar baƙi. Mai yin haka ba ya ƙara wa ƙungiyarsa ko maki ɗaya, sai dai ya rage wa makarantarsa daraja.

Muna son mu yi magana musamman da 'yan'uwanmu ɗalibai da suka fito daga ƙasar Gobir, daga Gangara da Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke bakin iyaka, domin su ne ya kamata su koya wa saura. Sun taso suna kallon kokawa bayan kaka, inda gari ke fitowa da makaɗansa ya kara da wani gari. An san yadda ake yi: wanda ya yi kaye a ɗaga shi sama, wanda aka kayar ya karkaɗe jikinsa ya koma cikin mutanensa, baƙi kuma su ci tuwo a garin da suka zo kayarwa. Ba a taɓa jin makaɗi ya wasa gwarzonsa da cewa ya kā da rago ba. Kirarin yana yin armashi ne in wanda aka kayar shi ma sananne ne.

Bugu da ƙari, Bagobiri ya gaji wasan taubasantaka da Bayarabe. Su haɗu a kasuwa ko a mota, kowa ya ce shi ne ubangidan ɗan'uwansa, a yi ta ba'a har a rabu da dariya, ba wanda ya zare wuƙa. Haka Bakano da Bazazzagi, haka Bafillace da Babarbare. Kakanninmu sun gane cewa ana iya yin hamayya mai zafi, amma da iyakar da ba a ƙetarewa. Abin kunya ne a ce wanda bai shiga aji ba ya riƙe wannan, mai neman digiri ya kasa.

Akwai kuma dalili mafi nauyi. Mutanen wannan yanki sun san abin da ake kira gaba ta haƙiƙa. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Sabon Birni da Isa, kuma a 2019 da 2020 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi neman mafaka. Wanda ya ga haka a gida bai kamata ya kira yaro ɗan'uwansa abokin gaba don kawai rigarsa ta wasa ta sha bamban da tasa ba. Wancan abokin karawa ne, kuma kalmar aboki ce a farkon sunan.

Tarihin wasan kansa ya ishe mu misali. Hakeem Olajuwon, Bayarabe ɗan Legas, watau taubashin Gobirawa, ƙwallon hannu yake yi, sai a wani taron wasanni da aka yi a Sakkwato a ƙarshen shekarun 1970 ya shiga gasar ƙwallon kwando. Daga baya ya tafi Jami'ar Houston a Amurka. A 1983 jami'arsa ta kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasar, ta sha kashi a hannun North Carolina State da ci 54 da 52, amma duk da haka shi aka zaɓa gwarzon gasar, alhali yana ɓangaren da aka kayar. A 1984 ya sake faɗuwa a wasan ƙarshe, a hannun Georgetown ta Patrick Ewing. Bayan shekara goma, a 1994, suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na gasar ƙwararru ta NBA, wannan karon Olajuwon ya ɗauki kofi. Kowannensu ya ƙara girma ne da girman ɗan'uwansa. Haka nan da Nijeriya ta ci kofin Afirka na maza karo na farko a Tunisiya cikin 2015, abin da ya ƙara wa nasarar daɗi shi ne Angola aka doke, ƙasar da ta riga ta ɗauki kofin sau 11. In ka ce abokin karawarka banza ne, to, me ka kayar? In kuwa shi ya kayar da kai, me ka zama?

Ga matasan ma'aikata da ke karanta wannan mujalla, maganar ta wuce filin wasa. Wanda aka jefa da dutse yau, gobe shi ne abokin zama a sansanin bautar ƙasa, jibi shi ne a teburin da ke kusa da naka a ofis. Wanda bai koyi karɓar kaye a wasan minti 40 ba, da wuya ya karɓe shi ranar zaɓe, ko ranar da aka ƙara wa wani girma aka bar shi.

Sabo da haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta ɗauki matakai uku. Na farko, ta naɗa wakilai da za su tarbi kowace ƙungiya baƙuwa, su ba ta ruwa da masauki, su raka ta har mota bayan wasa. Na biyu, shugabannin magoya baya su ɗauki alhakin waƙoƙin da ake rerawa, a fitar da duk mai zagin iyaye ko ƙabila. Na uku, duk wanda aka kama da jifa a hana shi shiga filin har ƙarshen zango, ko ɗan wane ne.

Mu je fili da niyyar mu ci, mu yi ihu har murya ta dushe. In baƙo ya jefa ƙwallon da ta burge, a tafa masa, sa'an nan a roƙi Allah ya ba namu wadda ta fi ta. Allah ya sa a yi wasa lafiya, a tashi lafiya.