Sharhi: Garin da Hasken Rana Ke Ci

Sharhinmu na yau ya shafi wani gari ruwan ɗorawa da masana sinadarai ke kira kabon naitirayid. Ba kayan tsada ba ne: a gasa yuriya, takin nan da manoma suka sani, a zafin kusan digiri 550, sai ga shi. A 2009 ne tauraronsa ya haska, lokacin da Xinchen Wang da Markus Antonietti na cibiyar Max Planck da ke Potsdam a Jamus, tare da Kazunari Domen na Japan, suka nuna cewa da hasken rana yana fitar da iskar haidirojin daga ruwa.

Nan da nan aka hau yi masa kirarin juriya. Ba a yi ƙarya ba, domin yana jure zafi har wajen digiri 600, kuma asid ba ya narkar da shi cikin sauƙi. Amma ba nan gizo ke saƙar ba.

In haske ya sauka a kansa, ilektaron kan tashi ya bar gurbi, gurbin kuma sai ya ƙwato wani ilektaron ya cike kansa. Abin da ake so shi ne ya ƙwato daga ruwa, oksijin ya fito. To, aikin yana da nawa: sai gurabe huɗu sun haɗu kafin ƙwayar oksijin ɗaya ta samu. Da sun taru suna jira, sai su juya kan garin da kansa su fara cin sa. In an shimfiɗa garin a kan gilashi, sai shimfiɗar ta soma ɓamɓarewa, wutar lantarkin da take bayarwa ta ragu, sau da yawa cikin 'yan sa'o'i.

Abin da ya fi damuna shi ne, a gwaje-gwaje da dama ana zuba wa ruwan wani sinadari, tirayetanolamin, wanda gurabe ke cinyewa a madadin garin. Sakamako kan yi kyau a takarda, alhali an rufe ciwon ne kawai.

Akwai masu neman magani na gaske. Rukunin Menny Shalom a jami'ar Ben-Gurion yana gina shimfiɗar kai tsaye a jikin gilashi don ta kama sosai, wasu kuma suna ɗora mata nikel da ƙarfe domin gurabe su wuce cikin ruwa da sauri. Duk da haka, allon sola na kasuwa ana ba shi garantin shekara 25, wannan kuwa har yanzu da sa'o'i da kwanaki ake auna ƙarkonsa.