Lambar Guguwa Ba Ta Auna Ruwa



Daga watan Yuni zuwa Nuwamba, ba a rasa jin labarin mahaukaciyar guguwa mai mataki na uku ko na biyar ta doshi gaɓar Amurka. Da yawansu ma daga wajenmu suke tasowa: hadarin damina da ke ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya, in ya faɗa teku ta gefen Senegal, wani lokaci shi ke rikiɗewa ya zama bala'i a can.

Wannan ma'auni na matakan guguwa aikin mutum biyu ne a farkon shekarun 1970: injiniya Herbert Saffir, da Robert Simpson, shugaban cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka a lokacin. Iskar da ta kai gudun kilomita 119 cikin sa'a ita ce mataki na ɗaya. Daga 252 zuwa abin da ya yi sama, duk na biyar ne.

A 2024 masana biyu, Michael Wehner da James Kossin, suka kawo batun mataki na shida, na iskar da ta haura kilomita 309. Hujjarsu ita ce teku na ƙara ɗumi, guguwa na ƙara ƙarfi. Guguwar Patricia ta 2015 ta kai kusan 345 a gefen Mexico.

Gaskiyarsu, amma a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Saffir injiniyan gine-gine ne, damuwarsa rufin da zai yaye da bangon da zai faɗi. Shi kuwa ajalin mutane yawanci ta ruwa yake zuwa. Katrina ta 2005 da mataki na uku ta sauka, amma ta tunkuɗo ruwan teku sama da mita 8 a Mississippi, madatsun New Orleans suka ɓalle, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Harvey ta 2017 ta zubar da ruwa sama da milimita 1,500 a wani yanki na Texas cikin 'yan kwanaki, abin da ya zarce daminar Kano sukutum. Florence ta 2018 kuwa, sai da aka sanar ta sauko daga huɗu zuwa ɗaya. Magidancin da ya loda iyalinsa a mota, in ya ji haka a rediyo, me zai hana shi sauke kaya? Florence ta iso North Carolina tana jan ƙafa tana zubar da ruwa, koguna suka cika suka batse.

To in an ƙara na shida, ashe na uku zai ƙara ƙanƙancewa ke nan a kunnen jama'a.

Tun 2017 cibiyar sa ido kan guguwa ta fara fitar da gargaɗin tunkuɗowar ruwan teku daban da na iska. Da so samu ne, mai karanta labarai ya fara da wannan: mita nawa ruwan zai hau, kuma waɗanne unguwanni ne ya kamata su tashi kafin hanya ta yanke.