Tun Ran Gini Ran Zane: Ina Ya Dace A Sa Makunnan Motar Tsere?

A ƙasar Amurka akwai wani nau'in tseren motoci da ake yi a kan miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wato kimanin mita 402, inda motoci biyu kan tashi daga tsaye su fafata. Tun shekarar 1951 da Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA domin tsara wannan wasa, masu sha'awa da dama suke harhaɗa motocinsu da kansu a garejin gida. Irin waɗannan maƙera sukan kwashe watanni suna fama da inji da giya da tayoyi, sai aiki ya zo ƙarshe su liƙa makunnai a duk inda suka sami fili. Wannan babban kuskure ne. Wurin zaman direba shi ya kamata a fara tsarawa, kuma jikinsa ne ma'aunin da za a bi.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna dalili. Motar da ke gudun kilomita 240 a awa tana cin kusan mita 67 a kowane sakan. Idan direba ya ɗauke ido daga hanya na rabin sakan kacal yana neman makunni, motar ta yi tafiyar mita 33 ba tare da mai lura da ita ba. Bugu da ƙari, direban a ɗaure yake tamau da bel mai rassa biyar, kansa cikin hular kwano wadda ke hana shi sunkuyawa, hannuwansa cikin safa mai kauri ta kariya daga gobara. Makunnin da maƙeri ya taɓa cikin sauƙi yana sanye da singileti a gareji, yana iya gagarar wanda aka ɗaure haka.

Wani zai ce ai sabo turken wawa ne, da direba ya yi ta gwaji hannunsa zai san wurin kowane abu, sannan gajerun wayoyin lantarki sun fi arha da rashin nauyi. Maganar wayoyi gaskiya ce, amma tarihi bai goyi bayan dogaro da sabo ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, horarrun matuƙan jirgin yaƙi samfurin B-17 sun riƙa janye tayoyin jirgi bayan sun sauka, jirgin ya kife da ciki a ƙasa, aka yi ta ɗora musu laifi. A shekarar 1943 wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya lura cewa makunnin tayoyi da na faifan fiffike da ake saukewa wajen sauka kamarsu ɗaya, kuma suna dab da juna. Da aka sa wa na tayoyi 'yar taya ta roba, ɗayan kuma aka ba shi siffa daban, sai matsalar ta kau. Ashe laifin na tsari ne. Gajiya da firgici sukan rinjayi horo komai yawansa.

Saboda haka, abubuwan ceton rai su ne za su sami wuri mafi kusa da hannu: makunnin kashe inji, da na yanke mai, da maɗaukin sakin laimar da ke rage gudu, wadda dokokin NHRA suka wajabta wa motar da ta kai gudun mil 150 a awa. Kowannensu ya bambanta da ɗan'uwansa a siffa da girma, yadda hannu zai gane shi ido na kan hanya. Waɗanda ake amfani da su kafin tashi kaɗai, kamar na tayar da inji, a matsar da su gefe don kada a taɓa su bisa kuskure. Dokokin ƙungiyar ma sun yi tunanin direban da ya suma: motar da aka mayar da batirinta baya, dole ne ta kasance da babban makunnin yanke lantarki a bayanta daga waje, domin masu ceto su kai gare shi.

Jarrabawar tsarin ba ta cin ko kwabo. A zaunar da direba cikin cikakkiyar shigarsa, a ɗaure shi, ya rufe ido, a riƙa kiran sunayen makunnai yana taɓawa. Duk wanda ya yi lalube kafin ya same shi, to a sake masa wuri kafin a huda ƙarfe.

Malaman fasaha a makarantun sakandare za su iya aron wannan gwaji. Ɗalibin da ya haɗa injin niƙa ko wata na'ura a ɗakin koyon sana'a, kafin a yaba ƙarfin injinsa, a fara tambayarsa yadda mutumin da ya firgita zai kashe shi cikin sakan guda.