Kwana biyu a cikin Birni: gidan da ke ciyar da kansa ba ya faɗuwa



Makon jiya wani abokin aikinmu ya zo daga Maraɗi, aljihun nasa ba nauyi. Sai muka kai shi wani ɗan masauki mai sauƙin kuɗi a cikin Birni, tsohon gidan ƙasa da aka mai da ɗakunan baƙi. Kwana biyu ya yi, kuma kullum da dare muna wajensa hira.

Mu fara da yabo. Da rana tsaka, lokacin da ɗakunan siminti da kwano suke kamar tanda, ɗakinsa da sanyi, ko fanka bai kunna ba. Kaurin bango da rufin azara ne suka yi wannan aiki. Da safe ya taka da ƙafa ya je fadar Sarkin Damagaram, ya zaga lunguna yana kallon zanen da ke jikin zaurukan mutane.

Amma fa akwai gyara. Famfo ya ƙafe, kuma ba wanda ya tanadi ko bokiti guda sai da ya roƙa. Sangen duk huji. Abin da ya fi damunmu shi ne bangon baya: an shafe shi da siminti, ya tsage, ya fara ɓamɓarowa. Duk magini ya san siminti ba ya zama lafiya da ƙasa. Yana riƙe danshi a ciki, bango ya yi ta ruɓewa ba a gani. Ga indararo a toshe, damina kuma ba ta jiran kowa.

Ba mu manta da watan Satumba na 2024 ba, da ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni. Idan masallaci mai wannan daraja ya faɗi, ina ga gidan magada da kowa ya watse ya bari?

Shi ya sa muke ganin irin wannan masauki abin ƙarfafawa ne, duk da gazawarsa. Gidan da ke shigo da ƴan kuɗi yana samun na yaɓe kowace shekara. Wanda aka kulle, sai gara da ruwa.

Kuma muna da abin nunawa. Garin nan ne babban birnin Nijar kafin a koma Yamai a 1926. A nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1852, zamanin Sarki Tanimun. Tun 2006 Birni yake cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, amma Agadas ta riga mu shiga a 2013. Can kuwa, gidan da aka gina wa Kawsan shi ne ya zama Hôtel de l'Aïr. Ko Turawa sun daina zuwa, muna da ƴan kasuwa daga Kano, ɗalibai, ƴan biki da masu jinya da ke neman wurin kwana mai araha.

Ga masu irin waɗannan gidaje: araha ba ta hana tsabta. Ku tanadi randa da ruwa, ku sauya sange, ku kira maginin gargajiya kafin hadari ya haɗo. Ga ma'aikatar magajin gari da fada: ku san gidajen nan, ku sassauta musu haraji in sun yi gyara da ƙasa.

Ku fa, masu gidan gado a Birni ko Zango, kun yarda baƙo ya kwana a ciki, ko gara ya ruguje a kulle?