Ba a fafe gora ranar tafiya



Bayan girbin gero na halarci wani biki a Alasan Mairairai, cikin gundumar Mayahi. Ango, wani ɗan kasuwa mai fataucin wake, ya ɗauko mai fiyano daga Tasawa, ya biya kuɗin mota da na gurup. Da aka soma, ganga ta danne muryar mawaƙi. Makaɗi ya duƙufa yana latse-latsen neman sauti, mata na tsaye a fage suna jira. Can gurup ya yi tari, fiyano ya mutu, duk abin da ya gyara ya tafi. Ango ya ji kunya, makaɗi ya zubar da sunansa.

Laifin ba na na'ura ba ne. Tun shekarar 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset na kiɗan orgi a Yamai, kuma da fiyano irin Yamaha PSR aka kaɗa waƙoƙin finafinan Kano masu yawa. Abin da ya rasa shi ne shiri.

Sautin da ya yi daɗi cikin ɗaki ba shi ne na fili ba. A gwada fiyano a waje, da lasifikokin da za a je biki da su. A rage ƙarfin ganga da bas har kalmomin mawaƙi su fito sarai, a rage amsa-kuwwa. A daidaita tsayin sauti da muryar mawaƙi da saurin kowace waƙa, sannan a adana su cikin maɓallan ajiya, waƙa ɗaya maɓalli ɗaya. In fiyanon yana karɓar kile, a kwafe su ciki. Kuran namu 220 ne, amma na gurup hawa da sauka yake, saboda haka a sa na'urar daidaita wuta tsakani. Lokacin hunturu a lulluɓe fiyano, ƙura ce ke kashe maɓallai.

Ku kuma alhazai da ma'aikata masu ɗaukar makaɗa, kafin ku ba da kafin alƙalami ku ce a kashe fiyano a sake kunna shi gabanku. In kiɗa ya dawo nan take, ku biya.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.