Dogo Ya Nufo Daura: Kayan Wa Zai Ɗauka?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, tun daga watan Fabrairu na 2021, lokacin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, jama'a suka rabu gida biyu. Wasu suna kukan wai an kwashi dukiyar Nijeriya za a kai wa Nijar. Wasu kuma, musamman mu mutanen ƙasar Daura, sai guɗa muke yi, wai kakarmu ta yanke saƙa. A ganina dukkanmu mun bar jaki muna dukan taiki. Abin da ya kamata mai ilimi ya tambaya shi ne, idan jirgin ya tsaya a Daura, kayan wa zai ɗauka, kuma aljihun wa ribar za ta shiga?

Tarihi ya riga ya ba mu amsa sau ɗaya. 'Yan mulkin mallaka sun fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya isa Badun a 1901. Wanda aka faro daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya shiga Kano a 1911, sa'an nan aka haɗe su ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912. Daga baya aka miƙa reshe zuwa Ƙauran Namoda a 1929, da Nguru a 1930. Ku ɗauko taswira ku duba. Kowane layi gangarawa yake yi zuwa bakin teku kamar rafi, babu ko guda da aka yi domin ya haɗa Katsina da Daura, ko Daura da Damagaram. Auduga Turawa suka yi kwaɗayi domin masaƙun Ingila, da manoma suka fi karkata ga gyaɗa sai aka koma kwasar gyaɗa, har dalarta ta zama tambarin Kano.

Daura kuwa, uwar Hausa Bakwai, dogo bai ko kalle ta ba, amma bai ƙyale ta ba. Harajin da aka ce sai da tsabar kuɗi za a biya ya tilasta wa manomin Zango da Ɓaure da Sandamu shuka gyaɗa. Ya noma, ya ɓare, a ɗora wa jaki ko raƙumi, daga baya mota, a nufi Kano, tafiyar kimanin kilomita 130. Duk kuɗin wannan ɗawainiya daga farashinsa ake zabge shi. A lokaci guda kuma fataucin Sahara, wanda ayarinsa ke zuwa Agadas da Tarabulus, ya durƙushe, domin kayan Turai sun koma shigowa ta teku da araha. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Amma kada mu ɗora wa Bature laifin da ba nasa ba. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, aka kai dogo Maiduguri a 1964, daga nan sai kuɗin man fetur ya rufe wa shugabanninmu ido. Aka bar taragu suna tsatsa, ma'aikata suna bin bashin albashi, tasoshi suka zama kufai. A 1979 har sai da aka ɗauko ƙwararru daga Indiya su riƙe mana hukumar, suna tafiya aka koma gidan jiya. Kayan da jirgi ɗaya zai ja sai aka rarraba wa manyan motoci barkatai, suna farfasa tituna, suna lashe rayukan bayin Allah. Wannan ɓarna da hannunmu muka yi ta, bayan mun karɓi mulkin kai.

To, yanzu ga sabon layi na kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilarsa a kan dala miliyan 1,960, zai ratsa Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Masu cewa Nijar aka yi wa, su sani mafi yawan layin a cikin Nijeriya yake, kuma ciniki tsakanin Kano da Maraɗi ya girmi iyakar da Ingila da Faransa suka shata. Masu guɗa kuma su tuna an rufe wannan iyaka a 2019, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Me jirgi zai ɗauko daga ƙofar da ake garƙamewa duk sa'ad da masu mulki suka ɓata? Su kuma tuna harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris, 2022. Dogon da ba tsaro, tarko ne.

Saboda haka muna da buƙatu, kuma ba roƙo muke yi ba, domin bashin da aka ciwo mu da 'ya'yanmu ne za mu biya. A bayyana wa jama'a sharuɗɗan bashin dalla-dalla. A biya duk manomin da dogo ya ratsa gonarsa diyya cikakkiya. Tashar Daura ta kasance da wurin lodin kaya da rumbuna, da taragun dabbobi domin fataken kasuwar Mai'aduwa. Gwamnatin Jihar Katsina ta gyara hanyoyin karkara da za su kawo amfanin gona tasha, ta kuma taimaka a kafa matatun man gyaɗa da na riɗi da majemu, don kada mu sake tura ɗanyen kaya mu sayo shi da tsada. Jami'ar Sufuri da aka kafa harsashinta a Daura a 2019 ta yaye injiniyoyin da za su riƙe layin, kada a wayi gari muna neman baƙi su zo su tuƙa mana.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyar ɗalibai ta kira taro, ta gayyato wakilanmu na majalisa, mu yi musu waɗannan tambayoyi ido da ido tun jirgin farko bai yi kuka a Daura ba. In muka yi shiru, jikokin manomin da ya kai gyaɗa Kano a kan jaki za su tsaya a bakin dogo suna ɗaga wa dukiyarsu hannu tana wucewa.